Gaisuwar Manaja a Nassarawa

Ba zan taɓa mantawa ba, ko da tsufa ya kwashe sauran abin da ke kaina, da yammacin da aka aike ni Nassarawa in karɓo hatimi. Lokacin ne kuɗin mai suka shigo ƙasar nan, Kano ta cika da sababbin motoci da sababbin masaƙu, kowa yana gini, kowa kuma yana tsoron kada abin da ya gina ya ƙone. Ni ban daɗe da gama sakandare ba, na sami aiki a wani ƙaramin ofishin inshora, ina cikin watannin gwaji. Ina da wando mai buɗaɗɗiyar ƙafa irin na yayi, da takalmi mai tudu, da wani ciwo da ya fi su girma: ba na iya cewa ban gane ba. Ko da yaren tsuntsaye aka yi min magana, kai nake gyaɗawa.

Bari in ɗan yi bayanin aikin, don ni ma sai daga baya na fahimce shi. Idan attajiri ya kafa masaƙa, yakan je kamfanin inshora ya ce a ɗaukar masa nauyinta, in gobara ta tashi a biya shi. To, wani nauyin ya fi ƙarfin ƙaramin kamfani, sai shi ma ya nemi babban kamfani su raba. Wato inshorar ita ma ana yi mata inshora. A tsakanin kamfanonin nan biyu akwai mutum iri biyu. Akwai dillali, wanda nasa kawai ya haɗa su, ya shirya magana, ya koma gefe. Akwai kuma manaja, wanda babban kamfanin ya ba wuƙa da nama, in ya sa hannu ya buga hatimi, kamar kamfanin ne da kansa ya ce na ɗauka. A Kano ta lokacin, a iya sanina, mutum ɗaya ne yake yin duka biyun, wani dattijo Alhaji Mudi, wanda ba mai kiran sunansa sai dai a ce Manaja. Ban taɓa ganinsa ido da ido ba. Hotonsa dai yana rataye a ofishinmu, dogo, siriri, da farin gemu, yana tsaye a tsakiyar wasu Turawa kamar shi ya tara su.

Ana ta maganar wata sabuwar doka da ta fito daga Legas, wai kowa sai ya yi rajista an fayyace ko shi wane ne a sana'ar. Ina jin ana yi, ina gyaɗa kai, ban san inda ta dosa ba. Ran nan na shiga ofishin maigidana, Alhaji Garba, na iske shi da lauyan kamfani, fuskarsu ba walwala.

Alhaji Garba yana cewa, "Manaja kam ya mutu murus. Sai dai wani."

Lauyan ya ce, "Ai tun da ya tafi Legas ɗin nan na san ba zai tashi ba."

Na yi salati a zuciyata. Na ƙaddara cewa ciwo ne ya kai shi asibitin Legas, can rai ya yi halinsa, can kuma aka rufe shi, shi ya sa ba mu je jana'iza ba. (Ka ga yadda na haɗa labari cikakke, da asibitinsa da kabarinsa, ba tare da na tambayi kowa ba.) Alhaji Garba ya ɗago ya gan ni, ya ce, "Yauwa. In an yi la'asar ka je gidan Manaja a Nassarawa ka karɓo hatimin nan, tunda ba shi da sauran amfani a can. Mu ma za mu biyo baya mu gaishe su."

Na ce, "To, ranka ya daɗe," da murya irin ta mai alhini.

Damina ce, hadari ya haɗo daga gabas tun kafin in hau kekena. Wanda ya saba da cikin gari, inda ba ka taku biyu ba ka yi sallama da wani ba, in ya shiga Nassarawa ta wancan zamanin sai ya ji kamar ya yi ɓatan kai. Tituna masu faɗi ba kowa a kansu. Gidaje can nesa da hanya, a bayan shinge. Manyan bishiyoyin maɗaci sun haɗe ta sama, jemagu sun yi musu baƙi ƙirin, suna ta wani tsuwwa ƙasa-ƙasa kamar masu gulma. Ba na jin komai sai ƙarar sarƙar kekena.

Na gane gidan da allon da ke bakin ƙofa. An rubuta sunan Alhaji Mudi, a ƙasansa kuma akwai wata kalma da aka shafe da baƙin fenti, har fentin ya zubo ya bushe kamar hawaye. Na ce a raina, ashe haka 'yan boko suke yi in an yi musu rasuwa.

Maigadin wani dattijo ne mai harshen Katsinawa, yana zaune a kan benci ya manna rediyo a kunne. Na yi sallama na ce daga ofis nake, na zo gaisuwa.

Ya ce, "Ai jama'a sun yi ta zuwa tun wancan makon. Abin ne ya zo da nauyi."

Na ce, "Allah ya jiƙansa."

Ya ƙara danna rediyonsa a kunne, da alama bai ji ni sosai ba, ya ce, "Amin, amin. Shiga falo ka jira, matan suna ta baya."

Gidan tsohon ginin Turawa ne, mai doguwar baranda da rufi mai tsawo. Na tura ƙofar falon na yi sallama, ba wanda ya amsa. Wani sanyi ya buge ni, irin wanda ban taɓa ji a cikin ɗaki ba (a lokacin ban taɓa zama inda aka kunna iyakwandishan ba, amma ba zan yarda in ce haka ba). An ja labulaye duka, masu kauri, ba haske sai wata 'yar fitila a lungu da aka rufa wa ƙyalle. Kujerun an lulluɓe su da fararen zannuwa. Sai kuma warin kafur da na magani. Ni kuwa tun da aka yi wa kakana wanka, hancina bai san kafur da wani aiki ba sai wannan.

Na zauna a bakin kujera na ɗora hannuwa a gwiwa, ina maimaita abin da zan faɗa wa Hajiya, matar marigayin. Da idona ya saba da duhun, sai na ga hoton nan dai na ofishinmu a bango, an ƙara masa girma. Na kau da kai. Na sake dubawa. Yana nan yana kallona.

Can sai na ji motsi daga cikin gidan. Ba taku ba ne sosai, jan ƙafa ne, a hankali, tare da wani sauti kamar ana shafa bango da tafin hannu. Ya tsaya. Ya ci gaba. Labulen ƙofar ciki ya motsa, wani dogon hannu ya fito ya kama ƙyauren, sannan mai hannun ya biyo. Fari fat daga sama har ƙasa, kansa a naɗe da farin ƙyalle har ya rufe ido ɗaya, auduga ta leƙo ta gefe. Farin gemun kaɗai ya isa.

Ya ce, da wata murya can ƙasan maƙoshi, "Wa ke nan? Na ji numfashi."

Da ƙyar na ce daga ofishin Alhaji Garba nake. Wata dabara ta zo min, na kama ta hannu biyu, na ce, "Ranka ya daɗe, kai ne ƙanin maigidan?"

Ya laluba kujerar da ke kallona ya zauna a hankali, bai jingina ba. Ya ce, "Ba ni da ƙane, ɗana. Ni ne dai. Na san abin da ake faɗa a ofisoshinku. An ce na mutu, ko ba haka ba?"

Na ce, "Haka aka ce."

Ya ce, "To, ba su yi ƙarya ba."

Mai karatu zai ce me ya hana ni tashi a nan. An yi min tarbiyya ne, babba yana magana ba a tashi, kuma ba a taɓa gaya min hukuncin ya canza in babban ya rasu ba.

Ya ci gaba, kansa a miƙe yana fuskantar bango, ba ni ba. "Shekara da shekaru ina tsakanin gida biyu. Nan a ce min dillali, can a ce min manaja, kowa ya yarda da ni. Yanzu an ce ba a zama a tsakani. Ko ka kasance nan, ko ka kasance can. Ni kuwa ga ni, can ba a karɓe ni ba, nan kuma an rufe ƙofa. Ina yawo a cikin gidan nan, ba na nan, ba na can."

Na tuna abin da malaminmu na allo ya karantar da mu game da zaman da ake yi tsakanin duniya da lahira.

Ya ce, "Da na isa, zaunar da ni suka yi. Su biyu ne, ba dariya a fuskarsu. Suka ce wane ne kai. Wa kake yi wa aiki. Wa ya ba ka izini. Na buɗe baki zan ce kowa ya san ni a Kano, suka ce a nan ba a sanayya, abin da ka zo da shi a rubuce shi ne naka."

Su biyu. Da tambayoyi. Na fara jin gumi yana bin bayana duk da sanyin nan. Amma ka san ɗan Adam da son jin gulma, ko a bakin rami yake. Na ji bakina ya buɗe da kansa, na ce, "Ranka ya daɗe, can ɗin, yaya yake?"

Ya yi ajiyar zuciya. "Zafi, ɗana. Zafi da cunkoso. Layi ba ka ganin ƙarshensa, kowa da takardunsa a hannu, ba mai kallon wani, ɗa ba ya sanin ubansa. Manyan mutane na gani a can, waɗanda ake faɗuwa a gaishe su a garin nan, suna tsaye gumi yana zuba." Ya juyo da naɗaɗɗen kansa wajena. "Kai ma za ka je. In dai wannan hanyar ka biyo, ba makawa. Kuma ba da daɗewa ba, yadda na ga abin yana tafiya."

Na ce, "Ni yaro ne, ranka ya daɗe."

Ya ce, "Ba ruwansu da yaro."

A waje iska ta taso, rassan maɗaci suna gogar rufin kwano. Ya ɗaga hannunsa na dama yana juya shi a gaban fuskarsa kamar baƙon abu. Ya ce, "Hannun nan, da in ya sauka a kan takarda, masaƙa guda ta kwana da kwanciyar hankali. Yanzu ba ya kama komai. In na sa shi a takarda, kamar iska ce ta wuce." Ya cusa hannun a aljihu ya fito da wani abu ɗan dunƙule. "Abin da aka aiko ka karɓa ke nan. Matso, ba na gani sosai. Miƙo hannunka."

Ban miƙa ba. Shi ya laluba ya kamo wuyan hannuna. Sanyin yatsun nan har yau in na tuna sai na ji shi a ƙashina. Daidai nan aka yi tsawa, aka ɗauke wuta, 'yar fitilar ta mutu, ƙugin da injin sanyin yake yi ya tsaya cak. Duhu da shiru, sai hannun nan a jikina, da muryar tana cewa, "Ka riƙe da kyau, kada ya faɗi."

A nan tarbiyyar ta ƙare. Na fizge hannuna na buɗe baki zan karanta Ayatul Kursiyyu, sai ta ɓace min ɗungurungum. Abin da ya zo bakina addu'ar shiga banɗaki ce, ita na yi ta rafkawa da iyakacin muryata. Na nemi ƙofa na rasa, na yi karo da tebur, na ga wani ɗan haske a gefen labule na nufe shi. Taga ce doguwa, a buɗe, da ragar sauro. Na bi ta cikin ragar kamar ba ta nan. Ƙafar wandona mai faɗin nan ta maƙale a wani ƙarfe, na ji ƙyaaat tun daga gwiwa har ƙugu, na faɗa ƙasa da takalmi ɗaya.

Da na ɗago, a barandar baya nake. Ga Hajiya, matar gidan, zaune a kan kujera da tasar lemo a gabanta, ga wasu manyan mata baƙi da suka sha gwaggwaro. Ga kuma Alhaji Garba da lauya a tsaye, isowarsu ke nan, sun zagayo ta baya suna gaishe ta. Kowa ya tsaya da abin da ke bakinsa.

Na riƙe wandona da hannu ɗaya na ce, "Hajiya, ku tashi ku gudu. Ya dawo. Marigayin yana falo."

Hajiya ta ajiye lemon da take ɓarewa. Mace ce mai nutsuwa, an ce tsohuwar malamar makaranta ce. Ta dube ni daga kai har takalmin da ya rage, ta ce, "Ɗan nan, wane marigayin?"

Kafin in amsa, labulen tagar ya buɗe. Naɗaɗɗen kan nan ya leƙo ta yagaggiyar ragar, ya ce a hankali, "Ɗana, ka bar hatimin."

A hasken waje na ga abin da yake. Bandeji ne da filasta. Dattijo ne da aka yi wa aikin yanar ido bayan dawowarsa daga Legas, likita ya hana shi haske da ƙura da ɗaga murya. Kujerun don ƙura aka rufe su, kafur ɗin na kyankyasai ne, kalmar da aka shafe a allon ƙofa kuwa Manaja ce. A ɗaya hannun nasa ma ga kofin ruwan ƙanƙara da yake ta ɗauka yana ajiyewa tun ɗazu, shi ya sanyaya masa yatsu. Legas ita ce mai zafi da layi, su biyun nan kuwa jami'an rajista ne, waɗanda suka ce bai cika sharuɗɗan manaja ba, kuma ba zai sake sa hannu da sunan wani kamfani ba sai yana da izini a rubuce. Duk wannan ba a lokacin na haɗa shi ba. A lokacin abin da na sani shi ne wata Hajiya ta cusa bakin mayafinta a baki, kafaɗunta suna rawa, lauya ya juya baya yana kallon bishiya, Alhaji Garba kuma yana kallona irin kallon da ake yi wa ma'aikacin da ba zai ga ƙarshen wata ba.

Alhaji Garba ya ce, "Wa ya gaya maka ya rasu?"

Na ce, "Kai ne, ranka ya daɗe."

(In akwai amsar da ta fi wannan muni a duniya, ban ji ta ba tukuna.)

Hajiya ta juya ta dubi Alhaji Garba. Shi kuma ya fara gyaran hula, yana cewa ai magana ce irin ta ofis, ba haka yake nufi ba. Aka kamo Alhaji Mudi aka fito da shi baranda, aka zaunar da shi yana baya ga haske. Na yi zaton zai ce a kore ni. Sai ya ce, "Garba, bar yaron nan. Abin da ka faɗa a bayana shi ya kawo min a gabana." Sannan ya juyo wajena. "Gaisuwar rasuwa ka zo ke nan, ko? To, yi ta. Ina so in ji abin da za a faɗa a kaina."

Na ce, "Ranka ya daɗe, a yi haƙuri."

Ya ce, "Haƙurin ai mu za ka ba. Bismillah."

Haka na tsaya a gaban matan manya da maigidana, hannu ɗaya a wando, ƙafa ɗaya ba takalmi, yayyafi ya fara sauka, na yi wa mutum ta'aziyyar kansa. Na ce Allah ya jiƙan Manaja. Na ce an shaide shi mutumin kirki ne, bai taɓa cin amanar kowa ba (ban sani ba, amma haka ake cewa). Na ce ya bar giɓin da zai yi wuyar cikewa. Na ce Allah ya ba iyalinsa haƙurin rashi. Duk wadda na faɗa sai ya ce amin, Hajiya ma ta ce amin tana share hawayen dariya. Amma da na kai ƙarshe na lura shi ba dariya yake ba. Ya jujjuya hatimin a hannunsa, sannan ya miƙo min, ya ce, "Kowa ya zo duba ido. Kai kaɗai ka yi min gaisuwar abin da na rasa."

Hajiya ta sa aka ɗauko min wani tsohon wandon Alhaji Mudi, wanda sai da na naɗe ƙafarsa sau da yawa kafin in iya taka feda. Ba a kore ni ba, ina jin don Alhaji Garba ya san in ya kore ni labarin zai fi yaɗuwa. Ya yaɗu duk da haka. Har na bar ofishin nan, in na shigo da safe sai wani ya ɗago kai ya tambaye ni ko akwai saƙo daga can. Alhaji Mudi kuwa idonsa ya warke, ya koma ya yi rajistar dillali, ya ci gaba da haɗa kamfanoni ba tare da hatimi ba, ya kuma yi shekaru masu yawa a duniya. Ranar da ya rasu da gaske, ɗansa ne ya zo har gida ya gaya min. Na bar shi a tsaye a zaure, na ce ya yi min haƙuri, sai da na tambaye shi wa ya yi wankan, wa ya ja sallar, a wace maƙabarta, sannan na yarda na yi salati.

Abin da na koya dai shi ne, kunyar cewa ban gane ba a tsaye ake jin ta, kuma da wando a jiki.